Kubar Ɗakin Mama Tamar

Akwai wani ɗan Kafanchan mai suna Justin, injiniyan gine-gine ne da ke aiki a Abuja. Mutum ne mai ƙwazo, kuma ba ya manta gida. Aibinsa ɗaya ne: idan ya ce ya san abu, to magana ta ƙare.

Mahaifiyarsa, Mama Tamar, tana zaune a gidan da marigayi mijinta Baba Meshak ya gina a bayan layin dogo. Baba Meshak kafinta ne, duk ƙofofin gidan da hannunsa ya yi su. Gidan kullum a cike yake da jikoki da 'yan haya da maƙwabta masu shigowa ɗiban ruwa a rijiya.

Wata rana kubar ƙofar ɗakinta ta lalace. Irin kubar nan ce da ake binnewa a cikin katako, mai hannu a sama da ramin mabuɗi a ƙasa. Mabuɗin yana juyawa, amma ƙofa ba ta kulluwa.

A ɗakin kuwa ake ajiye kayan zumuntar mata na cocinsu: tulunan kiɗa da kacau-kacau da sababbin zannuwan da za a raba kafin babban taro. Shekara goma sha biyu kayan suna hannunta, ko tsinke bai taɓa ɓata ba. Sai ga shi ta dawo daga kasuwa ta tarar jikoki sun shiga sun fasa tulu ɗaya. Daga ranar ta daina fita. Mako uku ba a gan ta a coci ba.

Da Justin ya ji labari a waya, sai ya yi dariya.

"Mama, wannan ɗan abin ne ya hana ki fita? Ranar Juma'a zan taho da sabuwa."

"Ba za ka zo ka duba shi tukuna ba?"

"Kuba ai kuba ce, Mama. Ki bar mini wannan."

Ya shiga wani babban shago a Abuja ya zaɓi wadda ta fi kowacce nauyi da ƙyalli. Ranar Asabar da safe ya kwance tsohuwar, ya jefa ta gefe, ya ɗauko sabuwar. Ko bakin ramin ba ta shiga ba. Ya juya ta ta nan, ya juya ta ta can, ta fi ramin tsawo da kusan yatsa uku.

Ya ja tsaki ya hau okada zuwa kasuwa.

A layin masu kayan gini akwai rumfar wani dattijo, Malam Saifuddeen. Kakanninsa ma a kasuwar nan suka yi ciniki, shi kuma ya fi shekara arba'in yana sayar da kwaɗo da kuba da sakata.

"Baba, a ba ni kubar ƙofar ɗaki, ƙarama," in ji Justin.

"Sannu da zuwa, ɗana. Ƙofar katako ce ko ta ƙarfe?"

"Katako."

"Kaurinta fa? Kuma daga bakin ƙofa zuwa tsakiyar ramin hannu, inci nawa ne?"

Justin ya duba agogonsa. "Baba, ni injiniya ne. Benaye nake ginawa. Waccan ta yi."

Dattijon ya miƙa hannu ya sauko da ita. "Zan sayar maka, Injiniya. Amma ban ce maka za ta shiga ba."

Wannan karon ta shiga, sai dai saura rabin inci ta tsaya cak. Justin ya ce a ransa ai wannan ba komai ba ne. Ya buɗe tsohon akwatin aikin mahaifinsa, ya ɗauko guduma da ƙarfen sassaƙa, ya fara ƙara wa ramin zurfi.

A bugu na biyar ya ji ƙas! Katakon ya tsage daga ramin hannu ya yi ƙasa, tsawon tafin hannu.

Mama Tamar ta fito daga kicin tana goge hannu da zaninta. Ta tsaya ta dubi ƙofar. Ta sa yatsa ta bi tsagar a hankali tun daga sama har ƙasa. Justin ya jira faɗa, amma faɗa bai zo ba.

"Gwate ya yi," ta ce. "Ka zo ka sha kafin ya huce."

Bai iya sha ba. Ya zauna a ƙasa a bakin ƙofar, ya jera kubobin nan uku a gabansa. A karon farko ya dube su da kyau. Ashe ba iri ɗaya ba ne. Ramin hannun wannan ya fi matsowa baki, na waccan ya fi shigewa ciki. Tsakanin ramin hannu da na mabuɗi ma kowacce da nata nisan. Ya ɗaga tsohuwar ya girgiza, ya ji wani abu yana motsi a ciki.

Me ya karye a nan? Me ya sa Baba ya zaɓi siririya haka? Ya sa tsohuwar a leda tare da wadda ya saya da safe, ya koma kasuwa.

"Baba, na dawo," ya ce, kansa a ƙasa. "Na tsaga ƙofar."

Malam Saifuddeen bai yi masa dariya ba. Ya tura masa benci da ƙafa. "Zauna. Ina tsohuwar?"

Ya karɓa, ya kwance sukuru biyu, ya ɗage murfin. Justin ya leƙa. Ga wasu 'yan faifan ƙarfe uku a jere, ga wani siririn ƙarfe a karye.

"Ka ga wannan? Sifirin ne, mai mayar da ƙarafan nan wurinsu, shi ya gaji. Waɗannan ukun kuma su mabuɗi yake ɗagawa kafin ƙarfen kulle ya fita."

"To me ya sa kowanne tsagarsa daban?"

"Don kada kowane mabuɗi ya buɗe maka ɗaki."

"Wannan mai lanƙwasar baki fa?"

"Harshe muke ce masa. Shi ke riƙe ƙofa idan an turo ta. Idan ƙofarka ta dama take buɗewa, ka sa harshen hagu, sai ta yi ta dukan katako ba ta rufu ba."

Justin ya manta da agogo. Ya yi ta tambaya, dattijon yana amsawa, wani lokaci ya tsaya ya sallami mai sayen ƙusa ya dawo. Ya ɗora tef ɗin awo a kan tsohuwar kubar, inci biyu da rabi. Ya ɗora a kan wadda Justin ya saya da safe, inci uku.

"Ko da ta shige, ramukanta ba za su haɗu da na ƙofar ba. Da sai ka huda sababbi. Wanda ya yi ƙofar nan ya san katakon gefenta ba shi da faɗi, shi ya sa ya nemi siririya."

"Mahaifina ne ya yi ta."

"To ya san aikinsa." Dattijon ya mayar da murfin. "Yanzu ka koma ka auno mini kaurin ƙofar da zurfin ramin, ka duba ta wane ɓangare take buɗewa. Sannan saura tambaya ɗaya. Wa ke buɗe ƙofar nan kullum?"

"Mahaifiyata."

"Shekarunta nawa? Yaya ƙarfin yatsunta?"

Justin ya fara lissafi a ransa. Duk wata yana aiko mata da abin cefane, duk Lahadi yana kiranta a waya. Amma yaushe rabon da ya dubi hannunta? Bai sani ba.

Da ya isa gida ya yi awonsa ya rubuta a takarda. Sannan ya ɗauko mabuɗin kubar Abuja ya sa a cikinta ya miƙa wa Mama.

"Mama, ki ɗan murɗa mini wannan."

Ta kama da yatsa biyu, ya ƙi. Ta haɗa da ɗaya hannun, ta cije leɓe, da ƙyar ya juya. Sai a lokacin ya ga gaɓoɓin yatsunta sun kumbura, biyu ma sun ɗan karkace.

"Tun yaushe hannunki yake haka?"

"Sanyin ƙashi ne. Ya fi shekara biyu. Idan damina ta zo ya fi damuna."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Kai ma ba ka tambaya ba."

Justin ya ajiye kubar. Ya koma wajen ƙofar ya sake ɗora tef, don akwai abin da ya tsaya masa a rai tun ɗazu. Hannun ƙofar nan ya yi ƙasa da inda ake sa shi a kowane gini da ya sani. Ya auna na ɗakin yara, ya auna na falo. Duk suna daidai. Na ɗakin Mama ne kaɗai ya sauko.

"Mama, Baba kuskure ya yi a nan?"

Ta yi dariya har ta dafa bango. "Babanka? Kuskure a katako? Lokacin ina da cikin yayarka ya tsayar da ni a nan, ya sa alli daidai gwiwar hannuna. Ya ce ni gajeriya ce, kuma kullum hannuna da kaya, ko yaro ko tukunya. In na zo sai in danna da gwiwar hannu in wuce. Shekara arba'in da ɗaya haka nake shiga."

Justin ya tsaya yana kallon ramin. A gidan nan aka haife shi, ya shiga ɗakin nan sau dubbai, bai taɓa lura ba.

Kafin la'asar ya koma rumfa da takardarsa, ya kuma ba da labarin yatsun. Malam Saifuddeen ya bincika kwalayensa kaf, ya girgiza kai.

"Mai inci biyu da rabi ta ƙare. Yanzu ba a cika nemanta ba. Amma ina da abokin ciniki a Jos, in na kira shi zai ba direba. Sai dai Talata."

"Talata? Baba, gobe zan koma Abuja."

"To ga kwaɗo da sakata, ka buga a waje ka tafi. Mutane da yawa haka suke yi."

Justin ya dubi kwaɗon, ya tuna ƙofar da kuma hannun da zai riƙa fama da ɗan ƙaramin mabuɗinsa.

"A'a. Kira shi. Zan jira."

Ya buga wa ofis waya ya nemi kwana biyu. Dattijon ya ba shi gam na katako, ya koya masa yadda zai cusa shi cikin tsagar ya matse ta ta kwana, da yadda zai cike wurin da ya sassaƙe da ɗan guntun katako.

Ranar Lahadi Justin ya ɗauko kujera ya ajiye a bakin ɗakin. "Mama, ki je coci. Yau ni ne kuba." Ta ɗaura zanin zumunta ta fita. Da aka tashi, mata huɗu suka rako ta gida don su ga injiniyan da ke gadin tuluna.

Talata da hantsi kaya suka iso. Malam Saifuddeen ya juya harshen ya koma dama, ya goge haƙoran mabuɗin har ya riƙa juyawa ba tare da ƙarfi ba, ya sa masa wani babban zobe da za a iya kamawa da tafin hannu. Ya karɓi ta inci ukun ya mayar cikin kayan rumfarsa.

A gida Justin ya saka ta a ramin. Ta zauna daram, ramin hannu ya haɗu da ramin hannu, na mabuɗi ya haɗu da na mabuɗi. Ya ɗaura sukuru, yana cikin ɗakin yana duba harshen, sai Mama ta jawo ƙofar daga waje. Ya ji ƙarar mabuɗi, ƙyat, sau ɗaya.

"Mama? Kin kulle ni!"

"Da hannu ɗaya ma," ta ce daga waje, muryarta cike da dariya. "Ka zauna ka huta, Injiniya. Bari in je in nuna wa maƙwabta."

Darasi: Ilimi ba ya hana tambaya, girman kai ne ke hana ta. Kafin ka kawo gyara, ka tsaya ka auna matsalar, ka saurari wanda ya daɗe a sana'a, ka kuma dubi mutumin da kake so ka taimaka wa. Sau da yawa iyayenmu suna fama da abin da ba za su faɗa ba sai mun tambaya. Idan labarin nan ya taɓa ka, ka tura wa 'yan'uwa da abokai, sannan ka kira gida yau ka tambayi lafiyarsu da gaske.