Kowa da Abin da Ya Taɓa

Ga ta nan, ga ta nanku, tana ƙamshin ƙuli.

Ta zo mu ji ta, mu lashe yatsa.

Gizo ke nan, kullum a kasuwa yana bugun ƙirji. "Ni ne man gyaɗa. In na yi mura, garin nan ba mai suya." Alhali ko kunya ɗaya bai taɓa nomawa ba. Kurege ke tono gyaɗar, Jaki ya yi dako, Tunkiya ta matse mai. Shi Gizo sayarwa kawai.

Ranar rabon riba Gizo ya gyara zama, ya ce, "Adalci za a yi. Kowa ya ɗauki abin da ya taɓa. Kurege, me ka taɓa?"

"Ƙasa."

"Kwashi. Jaki fa?"

"Buhu."

"Na bar maka. Inna Tunkiya?"

"Ɓawo, ɗan nan."

"Allah ya sa albarka. Ni kuɗi na taɓa." Ya zuba a aljihu.

Kowa ya ɗauki kasonsa ya kama gabansa.

Kasuwa ta zagayo. Kurege ya tono gyaɗa, ya ce, "Ashe ma ina taɓa ta." Ya binne rabi. Jaki ya sa baki a buhu, ya ce, "Ga shi na taɓa." Ya cinye rabi, ya cike da tsakuwa. Tunkiya ta tsince 'yar ragowar, ta matse, ta adana man. Ta cika tulu da ruwa, ta ɗiga mai a sama.

Gizo ya sungumi tulu sai rumfar Kura mai ƙosai. Kaskonta ya yi ja, masu saye sun yi layi.

"Hajiya Kura, man yau ko ni ban taɓa yin irinsa ba. Biya tukuna."

Ta biya. Ya tuntsura tulu a kasko. Fuuu, tururi ya tashi, wuta ta mutu, toka ta rufe ƙullu.

Gizo ya waiga. Ga Kurege, ga Jaki, ga Tunkiya, suna kallo.

"'Yan'uwa, ku yi mata bayani, ai sana'ar tamu ce duka."

Jaki ya ce, "Ni dai buhu na sani."

Kura ta damƙi wuyan Gizo, ta ɗaga shi sama kowa ya gani. Ta ce, "Inna, yaya dokar rabon naku take?"

Tunkiya ta ce, "Kowa da abin da ya taɓa."

Kura ta ce, "To, ni Gizo na taɓa." Da ƙyar ya zille, ya haye rufin rumfa. Shi ya sa har yau Gizo daga cikinsa yake zaro zaren saƙarsa. Ba mai kawo masa kaya.

Ƙurunƙus kan ɓera. Wanda ya yi gyangyaɗi, ɓawo ne kasonsa.