Kafinta da Ƙurar da Tsintsiya Ba Ta Kamawa

A wani gari da ke gindin dutse an yi wani mutum, kafinta, wanda ya gaji sana'ar a wurin mahaifinsa. Ya gaji rumfar aikin, ya gaji zarto da gizago da guduma, ya kuma gaji tsabta, gama tsohon ba ya kwana da shara a rumfarsa. A zamaninsa da hannu ake yin kome. In aka goge katakon maɗaci, ɓawonsa yakan faɗo ƙasa a nannaɗe, manya-manya, ƙanshinsa ya cika wurin. Uba da ɗa suna aiki suna rera waƙoƙin yabo, uban yana bayarwa, ɗan yana amsawa, har matan da ke wucewa zuwa rafi sukan rage sauri don su ji. Bencinan majami'ar garin duka daga wannan rumfa suka fito. In rana ta yi sanyi sai a share ƙasa tas, a kai wa masu tuyar ƙosai ɓawon su hura wuta, a yi addu'a, a tafi gida.

Ana nan tsohon ya rasu, zamani kuma ya juya. Wutar lantarki ta shigo garin. Kafintan ya sayi injin yanka katako da na gogewa, ya zagaye rumfar da bulo, ya sa mata ƙofa da taga, ta zama shago. Aikin da a dā yakan ci mako, yanzu a yini ɗaya an gama. Ƙarar inji ta hana waƙa a wurin aiki, amma ran Lahadi shi ne mai ba da waƙa a majami'a, kamar yadda mahaifinsa ya yi. Sharar yamma kuwa bai taɓa fasawa ba. Duk wanda ya shigo sai ya yabi tsabtar shagon, shi ma yakan ji daɗi a ransa.

Amma inji ba ɓawo kaɗai yake zubarwa ba. Yana niƙe katako ya zama gari mai laushi ƙwarai, wanda ba ya faɗuwa ƙasa, sai dai ya yi ta yawo a iska. Tsintsiya ba ta kama shi, in ma an yi shara ƙara tashi yake yi. Shekara da shekaru kafintan yana shaƙarsa bai sani ba. Da tari ya fara, ya ce mura ce. Matarsa ta yi ta dafa masa citta da kanumfari, tana zuba zuma, tarin ya lafa, ya sāke dawowa.

Wata ranar Kirsimeti, majami'a ta cika har waje, ya miƙe a gaban jama'a zai ba da waƙa. Baiti na fari ya fita da kyar. A na biyu tari ya sarƙe shi, ya kama ƙirji, ya kasa ci gaba. Jama'a suka ɗauki waƙar suka ƙarasa don su rufa masa asiri. Ya koma ya zauna, kansa a sunkuye, bai ƙara ɗagowa ba har aka tashi sujada.

Yana da 'ya mai suna Tabita, ma'aikaciyar jinya ce a birni, ta kuwa zo gida bikin, a idonta abin ya faru. Ta lallashe shi ta kai shi asibiti, likita ya duba ya ce garin katako ne ya taru masa a ƙirji. Kafintan bai yarda ba. Ba a daɗe ba Tabita ta dawo da wata na'ura kamar akwati, da fanka a cikinta, a gabanta kuma akwai mataci fari fat kamar auduga. Ta bayyana masa cewa fankar tana zuƙo iskar shagon, matacin ya riƙe ƙurar, iska mai tsabta ta fito ta baya.

Ransa ya ɓaci. Ya ce, “Tabita, kin taɓa shigowa nan kin taka datti? Yadda kakanki ya koya mini, haka nake sharewa har yau.”

Ta durƙusa ta ce, “Baba, daɓen shagonka ya fi na asibitinmu tsabta. Amma ai ba daɓe kake shaƙa ba.”

Ta roƙe shi ya bari a rataye na'urar zuwa ranar kasuwa kawai, in bai ga amfaninta ba ta tafi da kayanta. Don kada ya kunyata ta, ya yarda.

Da ranar kasuwa ta zo, ya share shagonsa tas kamar kullum, sa'an nan ya ce ta buɗe su gani. Ta ciro matacin. Farin nan ya ɓace, ya koma ja wur, ya yi kauri da gari. Kafintan ya sa yatsa ya shafo, ya murza, ya sunsuna. Ya gane maɗaci, ya gane kawo, itatuwan da ya yi rayuwarsa da su. Sai ya nemi guntun katako ya zauna. Ya tuna da tsohuwar rumfa wadda ba ta da bango, iska tana shiga tana fita, ya ga cewa tsintsiyar da ta ishi mahaifinsa ba ta ishe shi ba. Daga bisani ya ce a hankali, “Ashe wannan nake ta haɗiya, ina kuwa alfahari.”

Tun daga ranar bai sāke tā da inji ba sai ya kunna na'urar, ya buɗe taga, ya rufe hanci da baki. Tabita ta gargaɗe shi cewa in matacin ya cika aka bar shi, fankar za ta yi ta ƙara a banza, ba abin da take tacewa. Saboda haka yakan ciro shi a kai a kai ya kakkaɓe a waje, in ya tsufa ya sauya. Tarin ya ragu, numfashinsa ya daidaita, ya yi shekaru yana aikinsa. Amma muryarsa ba ta koma yadda take ba. Wani ne ya ci gaba da ba da waƙa, shi kuwa yana cikin jama'a yana amsawa ƙasa-ƙasa.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: shagon nan zuciyar mutum ce. Manyan ɓawon da ke faɗuwa ƙasa su ne zunuban da kowa yake gani, kamar sata da maye da faɗa a kasuwa. Yawancinmu mun iya share waɗannan, an koya mana tun muna yara, mutane kuma suna yabonmu. Ƙurar mai laushi kuwa ita ce ƙyashi, da gunaguni, da riƙon mutum a zuci, da 'yar gulmar da muke yi a bakin ƙofar majami'a, da fāriyar cewa mun fi wasu tsabta. Ba mai ganinsu, amma su muke shaƙa kowace rana, har su shaƙe yabon Allah a bakinmu.

Matacin shi ne Maganar Allah. Ita ce take kama abin da ido ba ya gani, ta nuna mana shi. Kakkaɓe matacin kuma shi ne tuba. Wanda yake jin Maganar kowace Lahadi amma ba ya tuba, ƙara kawai yake yi. In Ubangiji ya aiko maka da mai faɗa maka gaskiya, ko da wanda ka haifa ne, kada ka kore shi.

Ku kuma lura da wannan: Allah ya ja kwanan kafintan, amma abin da jinkiri ya ci bai dawo duka ba. Kada ku jira sai murya ta tafi. Yau, kafin ku fita daga nan, kowa ya roƙi Ubangiji ya nuna masa abin da ke yawo a cikin zuciyarsa.