Kanwa a Lambun Kawu Mainasara

Akwai wani matashi a Daura mai suna Muhsin, wanda ya karanci kimiyyar sinadarai har ya gaji, ya dawo gida ya yi zaman jiran aiki har ya manta da gajiyar karatun. Maraya ne. Kawunsa Mainasara ne ya rene shi a wani ƙauye da ke hanyar Baure, kuma da lambun barkonon kawun aka yi masa komai, daga sabulun wanki har takardar digiri.

Daga baya wata ƙaramar ƙungiya mai ba manoma shawara ta waya ta ɗauke shi aiki. Manomi zai faɗi abin da ke damun shukarsa, sai kwamfuta ta aika masa da saƙon murya da Hausa, ta ce masa ga abin da zai zuba.

Ranar da Muhsin ya fara aikin, Kawu Mainasara bai bar kowa ya huta a majalisa ba. "Yanzu ɗana ne ke magana a cikin waya," haka yake cewa, alhali muryar ma ta mace ce.

Aikin dai babu daɗi, jama'a. Shigar da bayanan taki da magungunan feshi ne cikin kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya. Wata abokiyar aikinsa, Zuwaira, ita ta tsara yadda za a ajiye bayanan. Kowane sinadari yana da gurbi uku. Na farko sunansa da Hausa. Na biyu fomularsa, wato haruffa da lambobin da ke nuna abubuwan da suka haɗu suka yi shi. Na uku kuma wata doguwar shaida da ake kira InChI, wadda masana a duk duniya ke gane sinadari da ita ko da harshensu ya bambanta.

A farkon wannan shaidar akan sake rubuta fomular. Shi ya sa Zuwaira ta sa kwamfutar ta riƙa gwada biyun. In fomular gurbi na biyu ta saɓa da wadda ke cikin shaidar, sai layin ya yi ja, ya ƙi wucewa.

Wannan jan layi ya sha wa Muhsin kai. Sau da yawa in ya tsaya ya duba, sai ya tarar babu wani kuskure, shaidar ce kawai ke jera haruffan ba yadda aka koya musu a makaranta ba. Tun yana dubawa da kyau, har ya koma dubawa da wutsiyar ido.

Wata ranar Alhamis da rana, zafi ya fara shigowa, babu wuta, fanka ta tsaya, batirin kwamfuta na shirin mutuwa. Idanunsa sun yi nauyi, bayansa na ciwo. Sai ya zo kan kanwa, don makiyaya ma suna tambaya a kanta.

Ya rubuta sunan. Ya rubuta fomular babban sinadarin da ke cikinta daga kansa, wadda ke da Na, alamar sodiyam. Wannan daidai ya yi. Saura shaidar, wadda sai an nemo ta a intanet da sunan Turanci.

To, kowa ya san yadda 'yan boko ke fassara kanwa a ƙasar nan. Fotash suke ce mata, har a takardar ledar da ake sayarwa a kanti. Muhsin bai yi wani tunani ba, ya rubuta fotash, ya kwafo shaidar farko da ta fito, ya manna. Ita kuwa shaidar ta takin fotash ce, mai K, alamar fotasiyam, wanda barkono ke so in zai yi 'ya'ya. Suna ne kawai ya haɗa su.

Layin ya yi ja.

"Malama Zuwaira, na'urarki ta sake tashi da rigimarta," in ji shi.

Ba ta ɗago ba, ita ma ta gaji. "Ka karanta abin da ke cikin shaidar, Malam Muhsin. Ba ta yin ja a banza."

"Tana yi mana. Jeren haruffa ne kawai, kamar kullum."

"To ka duba dai. Ɗan tsayawa ne."

Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. "Ni fa na karanci abin nan. Kanwar da na tashi ina sha a kunu, ita kwamfuta za ta koya mini?"

Akwai wani maɓalli da Zuwaira ta tanada don irin ranar da aka tabbatar na'urar ce ta yi kuskure. In ka danna, ka shaida cewa ka duba da idonka. Muhsin ya danna, layin ya koma kore, ya rufe kwamfutar ya hau babur ya tafi gida.

Ita kwamfuta ba ta san kunu ba. Abin da ta gani shi ne abu biyu masu shaida ɗaya, takin fotash da kanwa, sai ta ɗauka abu ɗaya ne mai suna biyu. Tunda kuwa da Hausa take magana, ta zaɓi sunan da ya fi zama Hausa.

Bayan 'yan kwanaki saƙo ya fita zuwa ga masu noman rani da barkononsu ya fara fure: "Shukarka tana buƙatar kanwa. Ka barbaɗa a gindinta, sannan ka yi ban ruwa."

Manoman da suka ji, dariya suka yi. Wani ya ce wayar ta sha rana. Wani ya ce saura a ce su zuba daddawa. Kowa ya mayar da wayarsa aljihu ya ci gaba da harkarsa.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba.

Kawu Mainasara ya saurari saƙon, ya sake saurara. Ranar kasuwa ya sayo kanwa irin ta dabbobi, wadda ake shigowa da ita ta kan iyakar Kongolam, ya kawo gida ya ce wa matarsa Kande ta daka masa.

"Malam, kanwa a lambu?" in ji ta. "Ko ruwan wankin tukunyar kanwa na zubar a tsakar gida, ciyawa ba ta fitowa a wurin."

"Ke dai daka. Zamani ya canja, akwai abin da suka gano wanda mu ba mu sani ba."

"Ka kira shi mana ka tambaya."

"In kira shi in ce masa me? In ce ban yarda da aikinsa ba?"

Ta daka. Ya bi kunya-kunya ya barbaɗa, bai tsallake ko gindi ɗaya ba, don shi mutum ne mai cika aiki. Ya tayar da injin ban ruwa ya shayar da lambun har ya ƙoshi.

Zuwaira ce ta gano abin, ranar da wani manomi ya kira ofis yana tsokana, yana tambaya ko gishiri ma za a ƙara. Ta buɗe layin kanwa ta juyo da kwamfutar wajen Muhsin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗora yatsa a kan Na, ta ɗora wani a kan K.

Muhsin ya duba, nan take ya gane kuskurensa. Suka shiga kiran manoman ɗaya-ɗaya, kowa na cewa ai shi bai zuba ba, hauka yake yi? Hankalinsa ya fara kwanciya, sai ya ga suna na gaba, na Kawu Mainasara ne. Wayar kawun a kashe take.

Da la'asar ya isa ƙauyen. Tun daga bakin shingen lambun ya ga abin da ya gani. Furen ya zube, ganyen ya ƙone daga gefe ya nannaɗe, ƙasar ta yi fari-fari ta daskare, ruwa ya kwanta a kanta ya ƙi shiga. Ya san abin da hakan ke nufi, don ya karanta. Ba barkonon bana kaɗai ya tafi ba, ƙasar ma sai ta daɗe tana jinya.

Kawu Mainasara na zaune a gindin mangwaro, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Muhsin ya durƙusa a gabansa.

"Kawu, kuskurena ne. Na'ura ta gargaɗe ni, ban duba ba. Amma Kawu, ba ka san kanwa na kashe shuka ba?"

Tsohon ya ɗago ya dube shi.

"Na sani mana, Muhusinu. Tun kafin a haifi uwarka na sani. Duk garin nan babu wanda bai sani ba."

"To me ya sa ka zuba?"

"Saboda daga wajenka ya fito. Na ce ba za a taru a yi wa aikin ɗana dariya har da ni ba."

Wallahi da zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi. Muhsin ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan farar ƙasar.

Suna nan zaune Kande ta aiko da wayar, an cajo ta. Kunna ta ke da wuya sai ga saƙon gyara da Zuwaira ta tura, muryar nan ta fara sallama. Kawu Mainasara, wanda a da yake kai waya majalisa don kowa ya ji, ya danna ya kashe ta tun ba ta gama sallamar ba. Ya sa ta a aljihu, ya miƙe da ƙyar.

"Tashi mu je ka ci abinci," ya ce. "Ka sha hanya."

Darasi: Suna ba shaida ba ne, abu biyu kan ci suna ɗaya alhali ɗaya taki ne ɗaya guba. In gargaɗi ya tsayar da kai a bakin aiki, ka tsaya ka duba komai gajiyarka, kada ka ce ai na sani. Wanda bai yarda da kai ba zai yi dariya ya wuce, wanda ya fi ƙaunarka shi zai kwashi kuskurenka ya zuba a gonarsa. Ku tura wa duk wanda mutane ke dogaro da aikin hannunsa, ko Allah zai sa ya duba kafin ya danna.