Kukan da Ya Baro a Kogo

Ya 'yan uwa, an yi wani mutumin Kumasi a nan Landan, wajen shekarar 1989. Ma'aikacin jirgin kamun kifi ne, gidansa na Stratford.

Wata tafiya jirginsu ya tsaya a gaɓar Muritaniya. A can akwai wata dabbar teku mai gashin baki, Turawa na ce mata monk seal. An karkashe su har sun kusa ƙarewa, 'yan da suka rage sai a kogo suke ɓuya su haihu. Mutumin nan da ya ga ƙibarta, sai man ayu ya faɗo masa a rai, wanda mata ke nema ido rufe. Ya shiga kogo da gora ya kashe wata uwa. Ɗanta na gefe yana kuka kamar jariri. Ko waiwaye bai yi ba.

Kafin su iso Ingila man da ya narkar daga kitsen uwar ya ɓaci a jarka. Ya sani sarai, ai yana da hanci. Ya zuba turare, ya ɗura a kwalabe, mata suka yi ta sintiri a flat ɗinsa yana rantse musu: man ayu ne, yana kawo haihuwa, yana riƙe ciki.

Wa ke kicin tana jin wannan rantsuwa kullum? Matarsa Fusena, wadda ta shekara goma sha ɗaya ba haihuwa, sai a shekarar ta samu ciki. Bai taɓa gaya mata gaskiya ba.

A wata na shida aka kira shi asibiti. Cikin ya zube, ɗa namiji.

Ya ce, "Me kika ci?"

Ta ce, "Maganinka, maigida. Kullum cokali guda. Ba kai ka ce yana riƙe ciki ba?"

Tun ranar bai sake zama wuri ɗaya ba. In ya shiga tube, jirgin ƙasan nan na ƙarƙashin ƙasa, ƙarar birki sai ta koma kukan kogon nan, ya sauka a guje. Aiki ya gagare shi. Fusena ta ji gaskiya ta koma Kumasi. Masu bi ta Charing Cross sun sha ganinsa a bakin kogi, yana kai da komowa, hannuwa a kunne.

Ya 'yan uwa, dabbar da ba ta da bakin kai ƙara tana da Ubangijin da ke jin kukanta. Mutumin nan ya raba ɗa da uwa, ya rufe da ƙarya, ƙaryar kuwa matarsa ta fi kowa yarda da ita.

Allah ya kiyaye mu da zaluntar abin da ba ya iya ramawa. Amin.