Kunnen Karfasa

Ga ta nan, ga ta nanku, jiƙe take daga kogi.

Ta zo mu ji ta.

A wani gari na bakin kogi an yi wani masunci ana ce masa Jatau. Yayarsa Tabawa ce ta rene shi. Wata safiya suka yi 'yar cacar baki kan komar kamun kifin da ya bari rana ta cinye. Za ta haye kasuwa, ta shiga kwalekwale, ta ce, "To, sai na dawo." Shi kuwa ya juya mata ƙeya, bai ce a dawo lafiya ba. Ruwa ya kife da kwalekwalen. Ko ɗankwalinta ba a gani ba.

Tun ran nan ƙirjin Jatau ya toshe. Tuwo ba ya wucewa, numfashi ma rabi-rabi. Kalmomin nan uku suka tsaya masa a maƙogwaro kamar ƙaya.

To, a garin, jar tsagar nan da ke gefen kan kifi, kunne ake ce mata. Sai Jatau ya ce a ransa, mai kunne ai yana ɗaukar saƙo.

Ya kama ragon ruwa, ya ɗaga murfin tsagar, ya yi ta raɗa masa saƙon da zai kai wa Tabawa. Kafin ya gama, kifi ya sandare. Kashegari ya kama giwan ruwa, ya ce wannan babba ne, zai jure. Shi ma ya sandare.

Rana ta uku da hantsi ya kamo wata tsohuwar karfasa mai ido ɗaya. Ya kai baki ke nan, sai ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya koya maka hura wa manya iska a hanci?"

Ya ce, "Kaka, kunnenki nake nema."

Ta ce, "Kunne! Ku masunta tun kaka da kakanni kuke cin mu, ba ku san ta inda muke numfashi ba. Tsoma ni, na fara ganin duhu. Ba sai ka sake ni ba."

Sai ya shiga ruwa har ƙugu, tana tsakanin tafukansa. Hasken rana ya sauka ciki yana lilo. Ya ga ta buɗe baki, ta rufe, murfin ya ɗaga a hankali. A ƙarƙashi ga wasu jajayen zarurruka sun baje, suna kaɗawa kamar ciyawa a fadama.

Ta ce, "Ka gani? A sarari manne wa juna suke yi, sai mu shaƙe."

Ya ce, "Ashe akwai iska a ruwa?"

Ta ce, "'Yar kaɗan, a narke, kamar gishiri a miya. Ruwa ya shigo ta baki, ya bi ta kan zaren, jini ya tsinci iskar, sauran ya fita ta gefe ya kama gabansa."

"In kin riƙe ruwan fa?"

"In mutu mana. Wanda ya rufe baki don tsoro ya mutu, wanda ya kurɓa ya ƙi saki ya mutu."

Jatau ya ce, "Saƙona fa, Kaka?"

Ta ce, "Inda yayarka take, babu kifin da ke zuwa. 'Yan'uwana biyu ka kashe a banza."

Ya ce, "To ni zan kai da kaina." Ya taka, ruwa ya kai ƙirji. Ya ƙara, ya kai haɓa.

Ta ce, "Da wane kunnen za ka shaƙa, sarkin wayo?"

Dariya ta kuɓuce masa ba shiri, kuka ya biyo bayanta. Ya yi ta yi, kogi na wucewa da hawayen. Hannuwansa suka buɗe bai sani ba, karfasa ta sulale. Sai ya ja iska, ta shiga, ta shiga, har ƙasan cikinsa.

Ya fito gaɓa yana ɗiga, ya tarar da mai fura a gindin gawo. Ya ce, "Baba, dama mini, da yawa."

Haka baƙin ciki yake, jama'a. Ruwa ne, a cikinsa muke. A bar shi ya shiga, a tsinci ɗan abin da ke rayarwa, a bar sauran ya wuce. Ni ma koyo nake.

Ƙurunƙus. Yau ba kan ɓera ba, kan karfasa ne, shi ma na mayar da shi ruwa.