Sunan da Niniyan Ya Ƙi Kankarewa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari na bakin teku can ƙasar Sikotlan, shekaru aru-aru da suka wuce. Sunansa Niniyan. Sana'arsa ɗinkin littattafai: a kawo masa takardu ya haɗa, ya yi musu bangon fata, ya buga sunan mai su. Talaka ne futuk, daga shi sai rumfarsa da 'ya'ya biyar.

A garin akwai wani attajiri, Gilbat, mai jiragen ruwa har uku, kuma shi ne shugaban majalisar gari. Ba mai kafa rumfa sai da izininsa. Mutumin nan ya tara littattafai ɗaki guda, kowanne da sunansa cikin ruwan zinariya. Ba karantawa yake ba, jama'a. Baƙi yake nuna wa, su jinjina kai su ce ashe shugaba malami ne.

To, ku saurara. Rannan sai ga shi a rumfar Niniyan, ya dire wani tsohon littafin magunguna, ya ce, "Kankare sunan da ke shafin farko, ka buga nawa."

Niniyan ya buɗe, ya gane rubutun. Na wani likita ne da ya rasu bara, ya rubuta da hannunsa cewa ya bar wa 'yarsa Marjori littafin. Da littafin nan za ta haɗa magani ta ci abinci. Aro Gilbat ya yi a wurin mahaifinta, da ta zo nema ya ce bai san zancen ba. Sunan nan kaɗai ya rage mata shaida.

"Ranka ya daɗe, littafin marainiya ne."

"Na tambaye ka na wane ne? Wuƙa na ce ka sa."

"Wuƙata ta yankan fata ce, ranka ya daɗe. Ban taɓa kankare haƙƙin wani da ita ba."

Gilbat ya ce, "To zaɓi. Ko sunan ya bar shafin, ko kai ka bar garin. Na ba ka kwana uku."

Aikin fa ƙarami ne, da zai yi shi, kafin ka sha kofin ruwa an gama. Kuma wa zai gani? Niniyan ya zauna da littafin a cinya, ransa na ƙuna, yana tuna bakunan da ke jiransa a gida. Tsoro ya ji, ba ƙarami ba. Amma duk lokacin da ya dubi rubutun mamacin, sai takaici ya danne tsoron.

Ran kwana na uku ya ɗauki littafin ya shiga kasuwa da tsakar rana. Ya sa aka kira Marjori, ya karanta sunanta da ƙarfi a gaban jama'a, sannan ya danƙa mata. Bai kai mata a ɓoye ba, don kada gobe a ce sata ta yi.

Kuna jira in ce Allah ya buɗa masa, ya zama attajiri? Bai zama ba. Majalisa ta zauna, dattawa goma sha biyu, duk sun san gaskiya, ba wanda ya ce uffan. Aka rufe rumfar. Niniyan ya kwashi 'ya'yansa ya koma ƙauye, yana facin takalma har ya mutu. Amma littafin yana hannun mai shi.

Abin da ke ba ni haushi ke nan. Mutumin nan bai taɓa jin wa'azina ba, ya riƙe amana har ta cinye masa sana'a. Ku fa? Kuna sahun gaba, amma takardar filin marayu tana aljihunku, an goge sunan ubansu. Wani ya goge, wani ya sa hannu, wani ya yi shiru. Amana ita ce ka bar wa mai abu sunansa a kan abinsa, ko da za ka kwana da yunwa. Duk wanda ya san akwai sunan da ya kankare, ya tashi daga nan ya je ya mayar, tun kafin a rubuta nasa a allon kabari.