Kaskon Alwalar Nomau

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da rijiya ɗaya ke shayar da unguwa guda. Sunansa Nomau. Baduku ne, ɗinkin takalma da gyaran guga su ne sana'arsa. Ba malami ba ne, ba mai dukiya ba ne. Wani bawan Allah ne kawai, irin wanda in ana taro yakan zauna can baya kusa da takalma.

To iyayena da yayyena, ku saurara. Bawan Allahn nan yana da wata ɗabi'a. In zai yi alwala, sai ya ajiye wani tsohon kasko a gabansa, ya yi alwalar a kansa. Ruwan da ya sauko daga hannu da fuska da ƙafa, kasko ya tare. In ya gama, ya ɗauki kaskon ya zaga bayan ɗaki, ya juye a gindin zogale guda uku da ya dasa. Kullum haka, kowace salla haka. Matarsa Tabawa ma ta ɗauki halin: ruwan tsari na akuya ne, ruwan ɗaurayar kwanuka na zogale ne. Ba a watsa ruwa a tsakar gidan nan.

Mutane suna yi masa dariya. Maƙwabcinsa Cindo, mai sayar da itace, shi ne kan gaba. Yakan ce bai taɓa ganin mai rowar ruwan da ya riga ya wanke ƙafa da shi ba sai Nomau. Nomau ya yi murmushi, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Ana nan, sai wata shekara damina ta yi gardama. Rijiya ta ja ƙasa har guga ya soma fitowa da laka. Mai unguwa ya tara jama'a ya kafa doka: kowane gida tulu biyu a yini, kuma ba a ba shuka ruwan rijiya. Wanda aka kama, a sare shukar.

Gari ya bushe. Kuɓewa ta tafi, yakuwa ta tafi. Amma zogalen Nomau na nan kore shar, suna leƙowa ta saman danga. Ku sani fa, a shekarar nan zogalen nan su ne miyar gidan, su ne kwaɗonsu. In aka sare, sai dai su ci tuwo gaya.

Cindo ya duba, ya sake dubawa, ya tafi wurin mai unguwa. Ya ce itace ba ya kore a irin wannan rani sai da ruwan sata. Da rana tsaka suka iso ƙofar gidan Nomau, mai unguwa a gaba, Cindo a baya da gatari a kafaɗa.

Mai unguwa ya ce, "Nomau, an ce kana ɗibar ruwan jama'a kana ba itace."

"Ranka ya daɗe, tulu biyu nake ɗiba kamar kowa."

Cindo ya ce, "To aljanu ke yi maka ban ruwa?"

Tabawa tana bayan zana tana jin su. Ta ce, "Cindo, in da muna da aljanu ai da tulun suka fara cikawa."

Ku saurara da kyau a nan. Nomau bai yi rantsuwa ba, bai ɗaga murya ba, bai tuna wa Cindo guga nawa ya ɗinke masa kyauta ba. Ya ji ana kiran azahar, sai ya roƙi a bari su yi alwala tukuna, in ya so a sare. Ya shiga ya zubo buta biyu daidai da juna, ya miƙa wa Cindo ɗaya, tunda baƙonsa ne.

Cindo ya jingine gatari, ya tsuguna, ya yi ta kwararawa yadda ya saba. Yana isa ƙafar hagu, buta ta ƙare. Ya girgiza ta, ko ɗigo. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a jiƙe, ɗaya a bushe. Shi kuwa Nomau ya gama tasa a kan kasko, a natse, da sauran ruwa a butarsa. Ya tura wa Cindo butar ya ƙarasa wanke ƙafa. Sannan ya ɗauki kaskonsa ya zaga baya, mai unguwa na biye da shi yana kallo, ya juye a gindin zogale.

Mai unguwa ya dubi gindin zogalen. Can ya juyo ya ce, "Cindo, ina ruwan butarka?"

"Ƙasa ta shanye, ranka ya daɗe."

"Nasa kuwa ga shi can ya zama ganye. Ɗauki gatarinka."

Cindo ya sunkuyar da kai zai wuce, sai Nomau ya ce ya ara masa gatarin. Ya sari reshe uku masu kauri, ya miƙa masa, ya ce a dasa yau, zogale ba ya wuyar kamawa. Tabawa ta tsinko ganye cike da faifai ta aika wa matar Cindo. Kafin damina ta dawo, an ce har ƙofar masallaci kasko ne a jere.

To 'yan uwa, abin da labarin nan ke koya mana a fili yake. Ni'imar da Allah ya ba ka ba ta ƙare don ka yi amfani da ita sau ɗaya ba, kuma wanda ya riƙe ɗan kaɗan da amana, kaɗan ɗin zai ishe shi har ya ishi wanda ya zarge shi. Malamanmu sun sha gaya mana addini bai yarda da ɓarnar ruwa ba ko a bakin kogi.

Mu fa? Mukan bar famfo yana zuba muna hira. Mukan watsa ruwan ɗauraya a hanya, alhali ga ɗan tsiro yana bushewa a gefen katanga. Mukan karɓo leda a kan kowane ƙulli, mu jefa a kwata, akuya ta ci, ruwa ya toshe. Ba wanda ya ce mu yi abin da ya fi ƙarfinmu. Nomau kasko ɗaya gare shi, shi ma tsoho.

Anjima kaɗan za a kira la'asar, kowaccenmu za ta ɗauki buta. Kafin ki tsuguna, ki duba inda ruwan zai tafi. Allah ya sa mu dace.